Yadda Ake Farfaɗo da Tsohuwar Peugeot 504 Ba Tare da Aikin Ya Mutu a Hanya Ba

Da wuya ka ratsa unguwa ba ka ga irin motar nan ba: an ɗora ta kan duwatsu a gindin darbejiya, injin yana wajen wani makanike, kujerun suna ɗakin samari, gilashin gaba a jingine bayan gida, kaji sun mayar da but ɗinta akurki. In ka tambayi mai ita ya ce maka ana kan aiki, alhali shekara biyar ke nan ba a taɓa ko noti ba. Yawancin irin waɗannan motoci a makon farko aka kashe su. Zumuɗi yana kan ganiyarsa, aka kwance komai lokaci guda, domin kwance mota ba ya cin ko sisi kuma akwai daɗi. Da aka zo haɗawa sai aka tarar babu wani ƙaramin aiki da za a kama da safe a gama kafin azahar. Duk inda aka juya aiki ne na wata uku da kuɗi masu kauri, sai gwiwa ta yi sanyi.

Saboda haka ƙwazo a aikin da zai ɗauki shekara biyu ko uku tsara shi ake yi tun daga farko, ta yadda kowane mako akwai abin da za a gama a gani da ido. An ɗauki 504 a nan domin ita ce ta fi sauƙin samu a ƙasashenmu. Ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN, wato Peugeot Automobile Nigeria, ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri da ke Kaduna a 1975, aka ci gaba da yin 504 a can har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da daina ta. Ma'ana har yanzu akwai kayanta a kasuwa, akwai kuma tsofaffin makanikan da suka san ta ciki da bai. Amma tsarin zai yi wa mai Beetle ko tsohuwar Land Rover aiki.

Mataki na farko: rubuta wace mota kake ginawa

Kafin ka sayi ko sifana ɗaya, ɗauki takarda ka rubuta abin da kake so motar ta zama. Iri uku ne. Akwai mota mai lafiya da za a riƙa hawa, ko da fentinta ya ɗan koɗe. Akwai mai tsabta da sheƙi ta zuwa Juma'a da ɗaurin aure. Akwai kuma wadda za a mayar kamar ranar da ta fito daga kamfani, har launin kushin da rubutun jikin but. Tsakanin ta farko da ta uku akwai ninkin kuɗi da ninkin shekaru. Ga wanda bai taɓa yin irin wannan aiki ba, ta farko ce daidai. In an gama ta ana iya hawa mataki na gaba, ana hawan motar ana gyara ta.

A ƙasan takardar ka rubuta abubuwan da ba za ka yi ba: ba sauya inji da na wata mota, ba saka na'urar sanyaya ciki, ba sauya launi. Wannan jerin ya fi na sama amfani. Ranar da wani ya zo ya ce "tunda an riga an buɗe, ai gara a haɗa da kaza", takardar ce za ta ba shi amsa. Kalmar "tunda an riga an buɗe" ta cinye motoci fiye da tsatsa.

Mataki na biyu: sayi bodi, kada ka sayi inji

Injin 504 ba ya wuyar gyara, kuma ana samun wani. Bodi mai ruɓa kuwa shi ne ke tsotse kuɗi da haƙuri. In za ka duba mota ka tafi da tocila, da sukudireba mai kauri, da ƙaramin maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle. Ɗaga shimfiɗar ƙasa ka soki daɓen motar ta wajen ƙafar direba da ta fasinja. Duba dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, da wajen zaman batir inda ruwan batir ke cin ƙarfe, da kan shokoziba na gaba a cikin bonet, da ƙasan but, da gindin gilashin gaba inda roba ke riƙe ruwa. Bi jikin motar da maganaɗisun. Inda ya ƙi kamawa, fila ce, wato ƙullin da masu fenti ke cike lotsawar mota da shi, aka lafta a kan rami. Motar da ta yi rayuwarta a Katsina ko Damagaram ta fi wadda ta zauna a Legas ko Fatakwal lafiyar ƙarfe, domin iskar teku mai gishiri ce, sai dai ta arewa rana ta gama da robobinta da dashbod.

Gwada lambar shasi da ke jikin motar da wadda ke cikin takardu, harafi da harafi. Motar da ba ta da takardu ko lambarta ta saɓa, bar ta komai arharta. Babu abin da ke karya zuciya kamar a gama aikin shekara uku sannan a tarar ba a iya hawa titi da ita.

Mataki na uku: wuri, littafi, leda

Motar tana bukatar wuri mai rufi da daɓen siminti, wanda za ka iya isa cikin minti goma daga inda kake kwana. Nisa yana kashe aiki a hankali: in sai ka hau abin hawa ka ratsa gari, ranar da ka gaji ba za ka je ba, kuma ranakun gajiya sun fi yawa. Ka bar aƙalla mita ɗaya kowane gefe don buɗe ƙofa. Tampol ɗin leda da aka lulluɓe mota da shi har ƙasa yana tara gumi da damina, ya ƙara tsatsa. Rumfar kwano mai shan iska ta fi shi.

Sayi littafi mai bango mai kauri, ya zauna a cikin motar. A ciki za a rubuta ranar da aka yi kowane aiki, abin da aka saya da kuɗinsa da shagon da aka saya, da abin da ya rage. Duk abin da za ka kwance ka ɗauki hotonsa ta fuska uku tukuna, ka riƙa kwafe hotunan zuwa wani wuri ban da wayar. Notuna da kusoshin kowane ɓangare su shiga leda ɗaya, da takarda a cikin ledar an rubuta da fensir, domin rubutun alƙalami a bayan leda baƙin mai yana goge shi. Kusoshin da tsawonsu ya bambanta, kamar na famfon ruwa, zana siffar famfon a kwali ka huda ka soke kowace a gurbinta. Kwalaye kada su zauna a ƙasa, gara za ta cinye su ta bar maka tsibin notuna marasa suna. Bokitin fenti mai murfi ya fi.

Mataki na huɗu: tayar da injin kafin ka kwance komai

Wannan matakin ne mafi yawan mutane ke tsallakewa, kuma shi ne ya fi kowanne riƙe mutum a kan aiki. Motar da ka ji ƙararta da kunnenka ba ta barin ranka. Ban da haka, injin da ya tashi yana gaya maka ainihin ciwonsa, ka huta da sayen abin da ba a bukata.

Cire filogi huɗun, ka zuba cokali biyu na baƙin mai a kowane rami, ka bar shi kwana biyu ko uku. Sannan ka sa sifana a babban notin gaban inji ka juya da hannu. In ya juya zagaye biyu ba tare da ya cije ba, alhamdu lillahi. In ya ƙi, kada ka tilasta shi da kik, za ka karya zoben fiston. Ƙara mai gauraye da ɗan dizal ka ba shi mako guda, kana ɗan girgiza shi gaba da baya. Zubar da tsohon baƙin mai, sa sabuwar matata, zuba sabon mai 20W-50 kimanin lita huɗu, ka tabbatar da sandar awo. Kada ka yi amfani da fetur ɗin da ya kwana shekaru a tanki: ya zama ƙaro mai wari, zai toshe kabireta. Cire tiyon da ke zuwa daga tanki ka tsoma shi a ƙaramar jarka mai sabon fetur, a ajiye ta nesa da salansa, da abin kashe gobara a kusa. Tun ba ka mayar da filogi ba, juya injin da kik har fitilar mai ta dashbod ta mutu, alamar mai ya zagaya.

Buɗe delko, wato abin da ke rarraba wuta zuwa filogi, ka goge bakin kwantak, ƙarfen da ke buɗewa da rufewa a cikinsa, ko ka sauya shi. Tazararsa milimita 0.4 ce, ta filogi kuma 0.6. Jerin tashin wuta 1-3-4-2 ne, kuma Faransawa daga wajen akwatin giya suke fara ƙidayar silinda, ba daga wajen lagireto ba. Wanda bai san wannan ba zai jera wayoyin filogi a juye ya yini yana zargin kabireta. Tazarar bawul ana auna ta inji na sanyi: milimita 0.10 ta bawul ɗin shigar mai, 0.25 ta na fitar hayaƙi. Ka gwada waɗannan alƙaluma da littafin gyara na shekarar motarka. Kada a tayar da inji a rufaffen gareji, hayaƙinsa yana kisa ba tare da mutum ya ankara ba.

In ya tashi ya yi zafi, ari ma'aunin matsi ka auna silinda huɗun. Abin dubawa shi ne bambancin da ke tsakaninsu kada ya wuce kashi 10 cikin 100. In ɗaya ta yi ƙasa, zuba mata cokali ɗaya na mai ka sake aunawa. In awon ya tashi, zobba ne suka cinye. In bai motsa ba, bawul ne ko gaskit. Ka rubuta alƙaluman a littafi. Injin da ya wuce wannan gwajin, ba ya hayaƙi shuɗi, ba ya ƙwanƙwasa, bar shi yadda yake. Ka riga ka tsira da wata huɗu.

In kuwa dole sai an cire kan injin, ga tarkon da ke kama baƙon 504: silif ɗinta, wato bututun da fiston ke kai-komo a ciki, ba a manne yake da jikin inji ba, a zaune yake cikin ruwa kan wani siririn abin toshewa a gindinsa. Idan aka ɗaga kan injin tsaye da ƙarfi, ko aka juya injin bayan an cire kan ba tare da an danne silif da wosha da kusa ba, silif ya motsa, ruwa ya fara gangarawa cikin baƙin mai. Aikin kwana biyu ya koma sauke inji gaba ɗaya. Ana kwance kusoshin kan ne, a girgiza shi gefe-gefe ya saki, sannan a danne silif nan take.

Mataki na biyar: ɓangare ɗaya, a gama shi, sannan na gaba

Dokar ita ce kada a buɗe ɓangare biyu lokaci guda, kuma motar ta riƙa komawa kan ƙafafunta bayan kowane aiki. Jerin da ya fi dacewa: birki da sitiyari da tayoyi, sai sanyaya inji, sai tanki da layin mai, sai lantarki, sai walda, sai fenti, kushin a ƙarshe. In daɓen motar ya ruɓe har ana hango ƙasa, walda ce ke gaba da komai. Mai fara sayen wili masu sheƙi da rediyo ya sa kuɗinsa inda ba zai motsa motar ba.

Birki ma ana yinsa gefe ɗaya, a bar ɗayan a matsayin abin kwaikwayo. Sauya duk tiyon roba na birki ko da sun yi kyau a ido, domin ta ciki suke kumbura, su bar mai ya tafi ya ƙi dawowa, birki ya riƙe tayar ta yi zafi. Man birki DOT 3 ko DOT 4 yana shan danshi, shi ya sa ake sauya shi duk shekara biyu. Kuma yana cin fenti, in ya zuba a wanke da ruwa nan take. Wajen fitar da iska a fara da tayar da ta fi nisa da babban famfon birki. Taya kuwa duba lambobi huɗun ƙarshe na jerin da ya fara da haruffan DOT a gefenta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta kai shekara goma ta gama aiki ko da zanenta bai goge ba. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, bulon siminti kuma yana farfashewa ba sanarwa. A sa madogarar ƙarfe ko guntayen katako masu kauri.

Wajen sanyaya inji, kan injin 504 na alminiyom ne, jikin kuma baƙin ƙarfe. Ruwan rijiya zalla yana cin kan yana toshe lagireto da farar ƙasa. A wanke lagireto, a sauya tiyo da fanbel, a zuba ruwan sanyaya inji na gaske. Ɗabi'ar cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, a jefar ba ta magance zafi, ɓoye ciwon take yi.

Lantarki ya fi ba mutane tsoro fiye da yadda ya kamata. Peugeot lamba take sa wa wayoyinta a bakinsu, ta yi daidai da lambar da ke taswirar littafi, don haka kada a yanke bakin waya a jefar da lambar. Rabin matsalar fitilu da hon daga wayar da ke komawa jikin mota take: a kwance ta, a goge ƙarfen har ya yi fari, a ɗaure. Ranar da za ka fara haɗa batir bayan aiki, sa kwan fitilar mota tsakanin kan batir da wayarsa. In komai a kashe yake amma kwan ya haska sosai, akwai inda waya ta taɓa ƙarfe, ka gano ta kafin ta kama da wuta.

Mataki na shida: tsarin mako

Yini guda cur sau ɗaya a wata ba ya gina mota. Abin da ke gina ta shi ne lokaci ƙayyadadde da ba a taɓawa: a ce Asabar daga bayan asuba zuwa ƙarfe goma sha ɗaya kafin rana ta take, da rabin awa sau biyu a tsakiyar mako bayan la'asar. Awa biyar a mako ta haura awa 250 a shekara.

Minti goma na ƙarshen kowane zama ba na aiki ba ne. A cikinsu za ka mayar da kowace sifana gurbinta, ka share ƙasa, ka rubuta a littafi aikin da za ka fara da shi in ka dawo, ka jera kayan aikinsa a kan tebur. Rubutun ya zama takamaimai. "Gyaran birki" ba aiki ba ne, buri ne. "Kwance tiyon birki na gaba na hagu, a jiƙa notinsa tun yau" shi ne aiki. Mutumin da ya shigo gareji bai san ta inda zai fara ba, zai zagaya motar sau biyu, ya ciro waya, magariba ta yi.

Ka ware bokiti ɗaya na ƙananan ayyuka don ranakun da jiki ba ƙarfi ko aljihu ba nauyi: wanke notuna da kananzir da burushin waya, goge tambarin zaki, fentin murfin matatar iska, wanke gilashin fitilun baya da sabulu, gyara hannun ɗaga gilashi. Ba sa cin kuɗi, ana gama kowanne a zama ɗaya, kuma duk abin da ka gama ka naɗe shi a jarida ka ɗora a kantar da aka ware wa kayan da suka kammala. Ganin kantar nan tana cika yana ɗaga zuciya fiye da kowace nasiha.

Noti mai taurin kai a ba shi minti ashirin kawai. In ya ƙi, fesa masa man kwance tsatsa, ka koma wani aiki, gobe ka dawo masa da soket mai kusurwa shida, ka ɗan ƙara ɗaure shi kaɗan kafin ka kwance, in ya ƙi a gasa shi da wuta muddin ba kusa da layin mai ba ne. Kusoshin da ake karyawa, cikin fushi ake karya su, kuma ciro karyayyar kusa daga jikin inji aikin yini ne.

Mataki na bakwai: kuɗi da masu sana'a

Zagaya kasuwa ka yi lissafin kowane ɓangare, sannan ka ƙara rabin jimillar a kai, domin sai an buɗe ake ganin gaskiya, farashi kuma ba ya jiran kowa. Ware wani abu ƙayyadadde duk wata, a asusu dabam ko a adashi, wanda bai taɓa cefane da kuɗin makaranta ba. Ka gaya wa maiɗakinka adadin tun farko. Motar da ta zama abin faɗa a gida ba ta ƙarewa. Ka sani kuma watan azumi da Sallah biyu da lokacin komawar yara makaranta ba watannin sayen kaya ba ne. Nan bokitin ƙananan ayyuka ke amfani.

Kayan ɓangaren da ake kai kawai za a saya. Banda abubuwan da ba a yin sababbinsu, irin su fitilun gaba na asali, ƙarafan ado, robar gilashi, agogon dashbod: waɗannan in an gani a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ko Suame a Kumasi, a ɗauka. Kullum ka tafi kasuwa da tsohon kayan a hannu, domin 504 ta sha sauye-sauye: mai but da doguwa da a-kori-kura ba ƙafar baya ɗaya gare su ba, wasu na da birkin faifai a baya wasu na ganga. Wasu kayan injin 505 suna shiga, amma sai an gwada. Kada ka yar da tsohon kaya sai sabon ya zauna ya yi aiki.

Walda, fenti da kushin galibi sai an kai wa masu su. Nan ne motoci da yawa ke yin shekaru. In zai yiwu mai walda ya zo gida da injinsa. In dole sai motar ta tafi, ta tafi tsirara: a cire fitilu, kabireta, batir, agogo da duk abin da hannu zai iya ɗauka, domin a gareji motar da ta daɗe a ajiye ita ake ara wa kaya, aro kuma ba ya dawowa. A rubuta aikin dalla-dalla a gaban shaida, a raba biya uku: na kayan aiki, na tsakiya bayan ka gani da idonka, na ƙarshe ranar ɗauka. Ka riƙa leƙawa a rana sananniya kowane mako, da gaisuwa da mutunci, "Oga, sannu da aiki, ina aka kwana?" Wanda aka biya duka tun farko, aikin wanda bai biya ba zai kama.

Mataki na takwas: tsakiyar aiki, inda aka fi gajiya

Bodi shi ne dogon zango. Wata da watanni ana kankara ana gogewa, motar kuma kullum ƙara muni take yi a ido. Maganinsa a raba motar fili-fili: ƙofa ɗaya, bonet, murfin but, gefe ɗaya. A kankare ɗaya, a gyara, a shafe da faraimar ifoksi, wato shafen farko da ake yi kafin fenti, a ranar, sannan a taɓa na gaba. Ƙarfen da aka kankare aka bari tsirara da damina kafin gari ya waye ya yi ja. Faraima ta gama-gari tana shan ruwa, ba ta tsare ƙarfe na watanni. Ifoksi ce ke rufe shi.

Kafin walda a cire batir, a sauke tankin mai a kai shi nesa, a ɗebe shimfiɗa da soso. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari saboda tururi. A yanke tsatsa har sai an kai ƙarfe mai lafiya, a sa faci mai kaurin milimita 0.8 zuwa 1, a ɗiga walda nan da can ana bari yana hucewa. Jan dogon layi yana lanƙwasa fili, sai a koma rufe ɓarnar da fila. Fila kada ta wuce kaurin milimita 3, in ta wuce tana iya tsagewa. In za a sauya ƙarfen ƙarƙashin ƙofa, a tokare bakin ƙofar da sandar ƙarfe tukuna, kuma gefe ɗaya-ɗaya, in ba haka ba motar ta sunkuya ƙofofi su daina rufuwa.

Lokacin fenti shi ma zaɓa ake yi. Ƙurar hunturu tana zama a kan ɗanyen fenti, danshin tsakiyar damina yana sa shi dushewa. Bayan ɗaukewar ruwa kafin ƙura ta sauko, ko da sassafe a bazara, a rufaffen wuri da aka yayyafa wa ƙasarsa ruwa, shi ne daidai. Fenti mai haɗi biyu yana da guba ga huhu, ƙyalle a hanci ba ya tare shi.

A wannan zangon ka riƙa ɗaukar hoto daga kusurwa ɗaya a farkon kowane wata. Ido da ke ganin mota kullum ba ya ganin ci gaba, hotuna shida a jere suna nuna shi. Samu aboki ɗaya mai irin wannan sha'awa ku riƙa musayar Asabar, yau a garejinka, mako mai zuwa a nasa. Bidiyon intanet da ake gama mota cikin minti ashirin kuwa, a kalle su don koyon aiki guda. A bayansu akwai ma'aikata da kuɗi da watannin da aka yanke.

In aiki ya tsaya

Zai tsaya, ko don rashin lafiya, ko tafiya, ko aljihu. Abin da ake bukata shi ne a tsayar da shi da tsari. Cire batir ka riƙa caja shi duk wata. Cikakke yana nuna volt 12.6 a ma'auni, in ya sauka ƙasa da 12.4 ya daɗe a haka zai lalace. Toshe bakin salansa da na kabireta da ƙyalle saboda ɓeraye da zanzaro. Kada ka ja birkin hannu, zai manne. Sa katako a tayoyi. Juya injin da hannu sau ɗaya a wata. Rubuta shafi guda a littafi: inda aka tsaya, notunan da ba a gama ɗaurewa ba, ko akwai mai a inji ko babu. Ɗaura takarda a sitiyari mai ɗauke da wannan bayani na ƙarshe, domin an sha tayar da inji babu mai bayan dogon hutu. Ranar dawowa kada ka fara da aikin da ya kore ka; share wurin, ka ɗauki abu ɗaya daga bokiti.

In shekara ta zagayo ba ka taɓa motar ba kuma ba ka kewarta, sayar da ita tun tana da kayanta a jere da littafinta. A haka tana da daraja. In ta watse sai dai 'yan gwangwan su auna ta a sikeli.

Haɗawa da kilomita dubu na farko

Bayan fenti mutum yakan ɗauka saura mako biyu. Saura wata uku ne ko fiye: robobin ƙofa, gilashi, makullai, daidaita ƙofofi, rufin ciki, ƙananan maƙalai da suka karye wajen cirewa. Manna tef ɗin takarda a gefen kowane fili kafin ka ɗaura abin da ke kusa da shi, don kada sifana ta karce sabon fenti. Gilashin gaba ana sa shi ne da igiya a cikin ramin roba da ruwan sabulu, mutum ɗaya na dannawa a hankali daga waje ɗaya na jan igiyar daga ciki. Kada a sa ranar biki a matsayin wa'adi a wannan matakin. Gaggawar kwana uku ce ke sa a manta ɗaure notin sitiyari.

Fitar farko ta zama zagayen unguwa na kilomita biyar, da sifanu da abin kashe gobara a but. Dawo ka taɓa kowane wili ka ji ko ya yi zafi, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ta kwana a kai, da safe ɗigon da ka gani zai nuna maka inda ke yoyo. Sai kilomita ashirin, sai hamsin. Sake ɗaure notunan taya bayan hamsin ɗin farko. In an sa sababbin zobba, kada a matsa wa injin kuma kada a riƙe shi a gudu ɗaya na dogon lokaci. A kilomita 1,000 a sauya baƙin mai da matata, a bar injin ya kwana ya huce, a sake ɗaure kusoshin kansa bisa awon da littafin gyara ya bayar, sannan a sake auna tazarar bawul, domin ɗaure kan yana sauya ta.